Ɗan shekara 18 da akwatin zaɓe: tambayoyi da amsoshi daga Damagaram

Wannan gardama ta daɗe a garin nan. Da zarar hira ta biyo ta kan siyasa, a fadar shayi ne, ko a rumfar Kasuwar Dole, ko a dakalin masallaci bayan la'asar, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce: "Yaron da bai taɓa auno tiyar hatsi da kuɗinsa ba, shi ne zai zaɓa mana shugaban ƙasa?" Saurayin da ke tsugune gaban butar shayi sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." In ka ja shi gefe kuwa, zai gaya maka cewa tiyar da aka tuƙa jiya a gidansu, da kuɗin kabu-kabunsa aka auno ta. Na tattara tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutane na amsa su. Tun daga nan ina faɗin inda na karkata: a ganina ɗan shekara 18 ya isa jefa ƙuri'a, kuma abin da ke tauye shi yana wani wuri dabam da inda ake nuna yatsa.

Shekara nawa doka ta yanka wa mai zaɓe a Nijar?

Shekara 18 cikakku a ranar zaɓen. Haka tsarin mulkin jamhuriya ta bakwai ya tanada, wanda aka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama ta 31 ga Oktoban 2010: kowane ɗan Nijar, namiji ko mace, da ya cika 18 kuma kotu ba ta ƙwace masa haƙƙinsa ba. Sai dai akwai wata ƙaramar ƙofa da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Wanda bai kai 18 ba amma doka ta ɗauke shi a matsayin mai cin gashin kansa, shi ma yana da ƙuri'a, kuma hanyar da aka fi sani ta samun wannan matsayi ita ce aure. Ke nan amarya mai shekara 16 a wani ƙauyen Magarya tana iya shiga layi in takardunta sun cika, alhali ɗan shekara 17 da ke shirin jarrabawar bak, ta kammala sakandare, a Lise Kuran Daga yana kallo daga nesa. Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A Indonesiya ma ko dai ka cika 17, ko ka yi aure.

Ai yanzu ba a zaɓe. Mene ne amfanin maganar?

Gaskiya ne. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka jingine tsarin mulkin 2010. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo. Bayan babban taron da aka yi a Yamai cikin Fabrairun 2025, aka sa hannu kan kundin sake gina ƙasa ranar 26 ga Maris, wanda ya yanka wa'adin shekara biyar da ake iya ƙarawa ko ragewa, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa.

Amma a yi lissafi. Zaɓe na ƙarshe da aka yi a ƙasar nan shi ne zagaye na biyu na shugaban ƙasa, ranar 21 ga Fabrairun 2021, tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane. Yaron da yake da shekara 17 a ranar bai jefa ba. In wa'adin ya ƙare a 2030 kamar yadda aka rubuta, zai tsaya gaban akwati karo na farko yana da shekara 26, wataƙila da mata da ƴaƴa biyu. Bayansa kuma akwai ƙannensa na shekara takwas ko tara jere, babu wanda yatsansa ya taɓa shan tawadar zaɓe. Duk ranar da aka buɗe rumfuna, waɗannan ne za su cika layi. Kuma ranar da aka zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe, adadin shekaru yana cikin abin da alƙalami zai bi ta kai. Gara a yi gardamar tun yanzu da ba a gaggawa.

Me ya sa 18? Me ya hana 20 ko 25?

Babu wani abu da ke sauka a kan mutum daren da ya cika 18. Layi ne kawai aka ja, kamar iyakar da ke tsakanin Ɗan Barto da Kwangwalam: ƙasar wannan gefen da ta wancan duk iri ɗaya ce, gero ɗaya ake shukawa, amma dole a ce ga inda Nijar ta tsaya. Kuma layin ya sha matsawa. A Faransa sai ɗan 21 ke zaɓe har zuwa 1974. Ingila ta sauko zuwa 18 a 1969. Amurka ta bi a 1971, lokacin yaƙin Biyetnam, da mutane suka ce ba daidai ba ne a ɗauki yaro soja yana da 18 a kai shi bakin daga, sannan a ce bai isa zaɓen wanda ya tura shi ba. Japan ta tsaya a kan 20 har zuwa zaɓen 2016. Kamaru tana kan 20, Singafo tana kan 21. Yawancin ƙasashen duniya dai, har da Najeriya, sun tsaya a 18.

An ce likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Wannan bai kashe maganar ba?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu cewa a ɗaga shekaru suke da ita, don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Maganar tana da tushe. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke taka wa mutum birki, yake auna ƙarshen abu kafin a aikata, shi ne ke gama girma daga baya, kuma yana ci gaba da gyaruwa har tsakiyar shekarun ashirin. Amma masu binciken da suka yi fice a wannan fanni, irin su Laurence Steinberg na Amurka, sun raba tunani gida biyu. Akwai tunanin da mutum ke yi cikin natsuwa, yana da lokaci, babu mai zuga shi, yana iya tambaya ya sake tambaya. Akwai kuma wanda ake yi cikin zafi: rai ya ɓaci, ko abokai na kallo, ko ana cewa yanzu-yanzu. Abin da suka gano shi ne, a tunanin natsuwa ɗan shekara 16 ya kusan kamo babba. A tunanin zafi ne ake barinsa a baya da shekaru. Har gwaji aka yi da wasan tuƙin mota a kwamfuta: matashi shi kaɗai yana tuƙi kamar kowa, amma da an zaunar da abokansa suna kallo sai ya fara ganganci. Babba kuwa kallon abokai bai cika sauya masa tuƙi ba.

Mu a nan ba ma bukatar kwamfuta don mu gane haka. Ka dubi ɗan kabu-kabu da safe ya ɗauko tsohuwa zai kai ta asibiti: yana lallaɓawa, yana kauce wa rami, yana cewa "Riƙe da kyau, Inna." Ka sake dubansa da yamma a ayarin kai amarya, abokai na ihu, ƴan mata na guɗa, ya ɗaga ƙafar gaban babur sama. Mutum ɗaya ne, ƙwaƙwalwa ɗaya.

To zaɓe a wane gida yake? Ana sanin ranarsa tun da watanni. Ana jin ƴan takara a rediyo, ana tafka gardama a fada, uwa ta faɗi nata, malamin zaure ya faɗi nasa. Ranar kuma sai ka bi layi cikin rana, a miƙa maka takarda, ka shiga bayan labule kai kaɗai. Babu ganga, babu aboki a kafaɗarka. In ka duba rayuwar saurayin Damagaram tun daga safe har dare, da wuya ka sami wani wuri da yake kaɗaita da tunaninsa kamar bayan wannan labule. Hujjar ƙwaƙwalwa ta fi dacewa da maganar ba matashi bindiga ko babbar mota. A maganar ƙuri'a, goyon bayansa take yi.

Sannan in da ƙarfin ƙwaƙwalwa ake auna mai zaɓe, ai tsufa ma yana rage shi. Ban taɓa jin wanda ya ce a karɓe katin tsohon da ya fara manta sunayen jikokinsa ba, kuma ni ma ba zan ce ba.

Me addini ya ce game da shekarun hankali?

Fatawa ta malamai ce, amma akwai abin da kowane almajirin fiƙihu ya sani. Mutum yana zama mukallafi da balaga, ana gane ta da alamominta, in kuma alama ba ta bayyana ba, mashhurin zance a mazhabar Malikiyya da muke bi shi ne cikar shekara 18. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ce 15. Abdullahi ɗan Umar ya ba da labarin cewa an mayar da shi gida ranar Uhudu yana da 14, aka karɓe shi ranar Handaƙ yana da 15. Usamatu ɗan Zaidu kuwa bai kai 20 ba aka ba shi jagorancin runduna da manyan sahabbai a cikinta.

Dattijo mai karatu zai ce, "Tsaya, ɗana, balaga dabam, rushdi dabam." Ya yi gaskiya. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a jarraba marayu har su isa aure, in an ga shiriya, wato rushdi, a tare da su sannan a miƙa musu dukiyarsu. Sai dai a lura da yadda ake gane rushdin: da mu'amala, da riƙon kuɗi, da saye da sayarwa. Yaron da ya fara tsaron tebur a Dole tun yana da 12, ya san bashi, ya san riba, ya san wanda ke zuwa da daɗin baki don ya cuce shi, an daɗe da jarraba shi. Ayar da ta gabace ta kuma, wadda ta hana miƙa dukiya ga wawaye, ba ta ambaci shekaru ba. Ana samun safihi da furfura.

Yaran palle fa, ƙungiyoyin nan na samarin unguwa? Waɗanda suka ƙona gari za a ba amanar ƙasa?

Duk wanda yake garin nan ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 bai manta ba. Zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ta rikiɗe, aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka rasa rayuka. Galibin waɗanda ke kan titi matasa ne, babu musu. Haka kuma ba wanda zai ce palle-pallen Kara-Kara da na wasu unguwanni ƙage ne: ɗaga ƙarfe, ƙwaya, faɗan ƙungiya, sayar da ruwa-ruwa, wato fetur na bayan fage, a bakin hanya, duk mun gani.

Amma abu biyu. Na farko, tarzoma ita ce ainihin tunanin zafi da aka yi bayani a sama, taro da ihu da zuga. Abin da mutum ya yi a tsakiyar taro ba shi ne ma'aunin abin da zai yi shi kaɗai da takarda a hannu ba. Na biyu, ƴan palle kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da samarin da ke cikin gari da kewaye, masu gini da ɗinki da gyaran waya da noman rani da karatun allo da na jami'a. Jahar Damagaram ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, mutum sama da miliyan uku da rabi. Ba a yanke wa dubban ɗaruruwa hukunci da laifin ƴan tsiraru. Kuma in za a faɗi gaskiya, lokacin kamfe ba yaran ne ke ɗaukar kansu haya ba. Wanda ke aiko musu da kuɗin mai da na shayi don su raka ayarinsa, ko su tarwatsa taron abokin hamayya, babba ne mai babbar riga.

Ba jika biyu da riga mai hoto ke sayen ƙuri'ar matashi ba?

Ana saye, amma ba a wurin matashi kaɗai ba. Na taɓa ganin rabon da idona a unguwarmu daren jajibirin wani zaɓe. Mota ta tsaya a ƙofar gidan wani babban mutum, aka sauke sukari da shayi da atamfa, aka shiga da ambulan. Da gari ya waye abin da ya iso fadar samari bai wuce kuɗin shayin kwana biyu ba. Kaso mai tsoka ya tsaya inda motar ta tsaya. Ɗaya daga cikin yaran ya ce wa mai rabon, "Alhaji, mun gode, Allah ya ƙara arziki," yana juya baya ya ce wa abokansa shi dai ya san wanda zai dangwala wa.

A nan ma wani bambanci yake. Tsofaffi da yawa suna riƙe da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, musamman in an haɗa da rantsuwa. Samari kuwa sun fi saurin cewa a ci kuɗinsu a zaɓi wanda ake so, don kuɗin ma na jama'a ne aka dawo da shi. Ban ce wannan hali ne mai kyau ba, karɓar ma kanta illa ce. Amma wanda ya karɓa ya ƙi sayuwa bai fi wanda ya karɓa ya sayu rashin hankali ba. Abin da ke sa ƙuri'a ta yi araha yunwa ce, ita kuwa ba ta duba takardar haihuwa.

Wanda bai yi lakwal ba fa? Me zai hana a riƙa yin jarrabawa kafin a ba mutum kati?

In aka yi haka, iyaye za su fi ƴaƴansu faɗuwa, don samarin yau sun fi na jiya shiga aji nesa ba kusa ba. Kuma an gwada irin wannan a wasu wurare an ga inda ya kai. A kudancin Amurka an shekara da shekaru ana amfani da jarrabawar karatu don hana baƙaƙen fata zaɓe, sai da dokar 1965 ta fara rusa ta. A ƙasarmu ma, kafin dokar 1956 ta zamanin Turawa, ba kowa ke zaɓe ba, sai wasu rukunoni kamar sarakuna da ma'aikata da tsofaffin soja. Wanda ke riƙe da alƙalamin jarrabawa shi zai zaɓi masu zaɓe.

Ƙuri'a ba ta tambayar ka ko ka haddace kundin doka. Tambayarta ita ce: rayuwarka ta gyaru ko ta lalace, kuma wa ka fi yarda da shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ke tura kurar jarkoki cikin watan Afrilu, lokacin da famfon unguwa ya yi kwana da kwanaki bai ɗiga ba, ya san matsalar ruwan Damagaram fiye da wanda ya karanta ta a rahoto. Wanda ya ga an buɗe matatar SORAZ a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, ga ta nan arewa da gari, ya kuma kai takardunsa neman aiki ya dawo da su, yana da tambayar da ta cancanci amsa.

Ƴan mata fa? Ba abin da miji ko uba ya ce za su bi ba?

Wasu za su bi, kamar yadda wasu maza ke bin abin da maigidansu na kasuwa ya ce. Amma labulen nan ita ma ita kaɗai take shiga bayansa. Kuma akwai abin da ke ɗaure mini kai. A ƙasar nan kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika 18, dokar zaman jama'a ma ta yarda da 15 ga mace. Mun yarda ta riƙe gida, ta ɗauki ciki, ta yi jinyar yaro cikin dare, ta san yadda za ta raba tiya guda ta kai kwana biyu. Sai an zo kan ƙuri'a ne za a tuna yarinya ce? Wadda ta kwana a layin awo, ta san ko akwai magani a asibitin ƙauyensu ko babu, tana da abin faɗi game da masu mulki.

Doka da kanta ba ta gama yarda da su ba. Me ya sa ba a bar ɗan 18 ya tsaya takarar shugaban ƙasa ba?

Tsarin mulkin 2010 ya ce sai mai shekara 35. Mahamane Ousmane, ɗan garin nan, yana da 43 lokacin da ya ci zaɓen 1993, kuma a lokacin ana ganinsa matashi. Najeriya ma sai a 2018 ta sauko da nata daga 40 zuwa 35. Ba saɓani a nan. In ka je tasha za ka Maradi, kana da ikon duba direba ka ce wannan idonsa ya yi ja, ba zan shiga motarsa ba, ko da kai ba ka iya tuƙi ba. Mai zaɓe murya ɗaya ce cikin miliyoyi, kuskurensa yana narkewa cikin na sauran. Kuskuren wanda aka zaɓa kuwa kowa ne ke ɗaukarsa.

Akwai abin da matasa suka taɓa tsinana wa siyasar ƙasar nan?

Zaɓen jam'iyyu da yawa da dattawan yau suka yi ta yi shekara talatin, ɗalibai ne suka buɗe ƙofarsa. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗaliban USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, suka fito maci a Yamai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Abin da ya biyo baya, tare da matsin ƙungiyoyin ƙwadago, shi ya kai ga babban taron ƙasa da aka buɗe ranar 29 ga Yulin 1991 aka rufe 3 ga Nuwamba, wanda Farfesa André Salifou ya shugabanta, shi ne wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa. Wani abin dariya shi ne, ɗaliban 1990 su ne masu shekara hamsin da wani abu zuwa sittin a yau. Wasunsu na cikin masu zama a dakali suna cewa yaran yanzu ba su san komai ba.

Tun kafin boko ma, gari bai taɓa raina samari a wajen aiki ba. Akwai sarkin samari, akwai gayya, kuma zamanin Seyni Kountché da samariya aka yi ta gina azuzuwa da share gari.

To dattawa ba su da gaskiya ko kaɗan ke nan?

Suna da ita, kuma babba. Karin maganar nan ta abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ba a banza aka yi ta ba. Mai shekara 70 ya ga juyin mulkin 1974, da na 1996, da na 1999, da na 2010, da na 2023. Ya ga tazarcen Shugaba Tandja na 2009 da yadda ya ƙare. Ya ji alkawarin ruwa daga bakin ƴan takara fiye da yadda zai iya ƙirgawa. In sabon mutum ya taso da zance mai zaƙi, shi ya taɓa jin irinsa, yaro kuwa yau ya fara ji. Ga kuma wayar hannu: saƙon murya a WhatsApp da guntun bidiyo a TikTok suna isa fada kafin labaran rediyo, ba a san wanda ya ƙirƙira ba (ko da yake in aka bi sawu, sau da yawa kawu ne ya turo).

Amma wannan sanin ba ya zuwa da zaman jira. Dattijon ya san ƙaryar ɗan takara ne don ya taɓa zaɓe an yaudare shi. In aka ce yaro ya dakata sai 25, zai iso 25 ɗin ne da ƙuruciyar siyasar da yake da ita a 18. Abin da ya fi amfani shi ne dattijo ya zauna ya ba da labarin abin da ya gani, da sunaye da shekaru, maimakon ya rufe zancen da "kai yaro ne."

A wasu ƙasashe ɗan 16 na zaɓe. Mu ma mu sauko?

Barazil ta yi haka tun 1988, Ostiriya a 2007, Ajantina a 2012, Sikotilan kuma a ƙuri'ar raba gardamarta ta 2014. Ƙasashen ba su rushe ba. Amma ni ban ga wannan ne gabanmu ba. A can ɗan 16 yana aji, sunansa yana rajista tun ranar haihuwa. Mu kuwa, ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai 15 ba, masu rajistar zaɓen 2020 ba su kai miliyan 7.5 ba, kuma ƴan 18 da 20 da yawa ba sa ciki. A fara shigar da waɗanda doka ta riga ta ba dama.

In sun isa, me ya sa da yawansu ba sa fitowa ranar zaɓe?

A kusan ko'ina a duniya matasa sun fi manya ƙin fita. Amma namu yana da wani dalili na daban da ba a cika faɗa ba. Duba ranakun zaɓen da ya wuce: na ƙananan hukumomi 13 ga Disamban 2020, zagayen farko 27 ga Disamba, na biyu 21 ga Fabrairu. Wannan shi ne tsakiyar cin rani. An gama girbi, an ɗaure dammuna, samarin Kance da Matamai da Mirya da Tanut sun kama hanyar Kano da Legas da Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Katinsa yana rumfar ƙauyensu, shi yana can yana tura baro ko yankan farce. Ba zai kashe kuɗin motar zuwa da dawowa don ƙuri'a ɗaya ba, kuma wanda ya kira wannan lissafi rashin hankali bai taɓa cin rani ba.

Yaya ma ake sanin mutum ya cika 18, tunda da yawa ba su da takardar haihuwa?

Nan ne gizo ke saƙa. An haifi mutane da yawa a gida, ba a kai sunansu ko'ina ba, shi ya sa za ka ga takardu rututu an rubuta an haifi mai su wajen shekara kaza, ko kuma 1 ga Janairu, kamar duk ƙauyen rana ɗaya aka haife su. A zaɓen 2016 sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan barin marasa takarda su yi zaɓe da shaidar mutum biyu. A 2020 aka koma rajista mai ɗaukar hoto da zanen yatsa, wadda ta rage wannan, amma ita ma tana neman ka zo da wata takarda da ke nuna ko kai wane ne. Rashin takarda yana cuta ta fuska biyu: yana barin a cusa yaron da bai kai ba cikin layi, yana kuma hana wanda ya kai.

Jariri ana yi masa rajista kyauta in an kai maganarsa cikin kwana 60, a asibitin da aka haife shi ko a ofishin magajin gari. Wanda wannan lokaci ya wuce shi, sai ta hannun alƙali, da shaidu biyu da suka san haihuwarsa, kuma lokaci-lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zaman ba da irin wannan takarda a bainar jama'a. Da ita ake zuwa wurin ƴan sanda a yi katin ɗan ƙasa. Wanda zai tafi cin rani bana, ya nemi shaidunsa tun tsofaffin da suka halarci sunansa suna raye.